Garin tunkuzar da anka mayar daga Yamai: yadda wata ƙungiyar mata a Maraɗi ta gano inda aflatoksin ke shigo mata

Asalin lamarin

Ƙungiyar ta mata ce su 23 a wata unguwa cikin garin Maraɗi, ba zan faɗi sunanta ba don ba su ce in faɗa ba. Sana'arsu gujiya, gyaɗa ke nan ga ƴan uwanmu na Kano, su sayo tsaba daga kasuwannin wajen Madarumfa da Gidan Rumji da Ɗan Isa, su soya, su kai injin markaɗe, su murza su fidda mai, tunkuzar da ta rage kuma wata a yi ƙuli-ƙuli wata a busar a daka ta koma gari. Duk ɗan Maraɗi ya san garin nan da gujiya ya tashi, alhazan farko da yawa da ita sunka kama kuɗi tun zamanin Turawa, har fari na shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gonaki a 1975 sunka karya fataucinta zuwa waje, abin da ya rage a hannun mata ya rage, su ne ke riƙe da mai da ƙuli har yau.

Ni teknisiyan ne a wani ƙaramin labo nan cikin gari, aikinmu na yau da kullum ruwan sha ne da gari da madara, ba mu taɓa yin aflatoksin ba kafin wannan lamari. Kayanmu sikeli ɗaya mai kyau, firigo ɗaya, bilenda, ƴan kwalabe da takardar tacewa, shi ke nan.

Ga wanda bai sani ba, aflatoksin guba ce da wata hunhuna mai suna Aspergillus flavus da ƴar uwarta Aspergillus parasiticus ke zubawa cikin gujiya da masara idan sun samu zafi da laima. Iri huɗu ne manya, B1 da B2 da G1 da G2, B1 ɗin ta fi muni, tana cin hanta, kuma an tabbatar tana kawo kansar hanta. An gano ta ne bayan talo-talo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da anka haɗa musu da tunkuzar da ta zo daga Barazil. A 2004 a Kenya mutum 125 sunka rasu daga masarar da ke ɗauke da ita. Ba ta da wari, ba lallai ka gan ta ba, kuma wutar suya ba ta kashe ta sai dai ta ɗan rage. Ana auna ta da mikrogiram cikin kilo, daga nan in na rubuta lamba kawai to shi nake nufi. Dokar Codex, wato ƙa'idar abinci ta ƙasashen duniya, 15 ce ga gujiyar da za a ƙara sarrafawa, Tarayyar Turai 4 ga wadda za a ci kai tsaye, Amurka 20.

Fabrairu 2023: an mayar da kaya

Wani kamfani a Yamai mai haɗa garin kunun yara ya yi yarjejeniya da su kan garin tunkuza, da sharaɗin kada aflatoksin ta wuce 10. Sun aika kilo 600. Bayan kwana 12 anka kira shugabarsu anka ce an auna an samu 38, su zo su kwashe kayansu, kuɗin mota zuwa da dawowa a kansu.

Da Hajiya, shugabar tasu, ta zo labo ɗinmu da takardar a hannu abin da ta fara ce mani shi ne, ɗana, shekara ashirin ina wannan sana'a ba wanda ya taɓa cin ƙulina ya kwanta, kai duba mani ka gani in ba sharri anka yi mana ba. Ta zo da gari cikin leda kamar cikin gwangwanin tumatir biyu. Garin fari tas, ƙamshi lafiya lau. Na ce mata Hajiya ba mu da abin auna wannan a yanzu amma a ba mu lokaci.

Maris zuwa Afrilu 2023: fitilar da ba ta yi aiki ba

Abin da munka fara gwadawa fitila ce mai hasken UV, don an san aflatoksin tana ƙyalli a ƙarƙashinsa, B shuɗi G kore, daga sunayen launukan nan a Ingilishi ma haruffan sunka samo asali. Munka rufe ɗaki munka baza tsabar gujiya a faranti muna haskawa. Wasu ƙwayoyi na ƙyalli, wasu ba sa yi, munka ware masu ƙyallin. Daga baya da munka samu abin aunawa munka koma kan waɗanda munka ware ɗin, sai ga wasu masu ƙyalli ba komai cikinsu, wasu marasa ƙyalli kuma cike. Ƙyallin da littafi ke magana a kai na gubar da anka riga anka ciro ne anka raba ta a kan farantin gwaji, a kan ɗanyar ƙwaya mai da ɓawo da ƙura duk suna iya haske. Mako 5 munka kashe a nan, munka ajiye fitilar.

Mayu zuwa Yuli 2023: tsinken gwaji da sakamako mai saɓani

Sai munka yi odar ƴan tsinkayen gwajin gaggawa, bandelet da muke ce musu, masu iyaka 10, wato su gaya maka ko an wuce 10 ko ba a wuce ba. Yadda ake yi a niƙa gujiya, a auna giram 50, a kaɗa cikin metanol mai kashi 70 cikin ɗari da ruwa, a tace, a tsoma tsinken, a jira ƴan mintoci.

Kuskuren farko wajen karantawa ne. Duk mun saba da gwajin zazzaɓin cizon sauro, layi biyu akwai ciwo layi ɗaya babu. To wannan a juye yake, layi biyu na nufin kaya lafiya, in gubar ta yi yawa ita ce ke hana layin gwajin fitowa sai a ga layi ɗaya. Gwaji 6 na farko yaron da ke taya ni ya rubuta su a juye cikin kaye, ni kuma na sa hannu ban duba tsinkayen da idona ba, sai kwana biyu bayan nan da na ga hotunan a waya na gane. Tun daga ranar kowane tsinke sai an ɗau hotonsa a cikin lokacin da takardar kit ɗin ta faɗa, mutum biyu su karanta kowa daban.

Da anka gyara wannan sai babbar matsala ta fito. Buhu 10 ne a shagonsu, ranar Litinin munka ɗebi hannu guda daga bakin buhu uku munka auna, ƙasa da 10. Ranar Alhamis munka sake ɗiba daga buhunan nan dai, sama da 10. Mako na gaba ƙasa da 10. Hajiya ta ce to wanne za ta ɗauka, kuma tana da gaskiya, don kowane tsinke kuɗi ne kuma daga asusun ƙungiya yake fita.

Mun zargi zafi, don labo ɗin a watan Mayu yana wuce digiri 40 kuma takardar kit ɗin ta ce a ajiye shi wuri mai sanyi a yi aikin a zafin ɗaki na daidai. Munka mayar da gwaji ƙarfe 7 na safe. Ya ɗan taimaka wajen fitar layi sarai amma saɓanin bai tafi ba.

A kan garin tunkuza da ƙuli kuma wata matsalar daban, ruwan da munka tace yana fitowa da kauri da maiƙo a sama, ya ƙi hawa tsinken, wani lokaci ko layin shaida, wanda ke nuna tsinken ya yi aiki, ba ya fitowa, gwajin ya lalace ke nan. Ƙuli mai yaji da citta ya fi ba da wahala don launin barkono na rina takardar.

Agusta zuwa Satumba 2023: aiki ya tsaya

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli Najeriya ta yanke kuran kuma anka rufe iyakoki. Firigo ya koma yini a kashe, metanol ɗinmu ya ƙare ba inda za a samo. Tsinkaye 20 da sunka rage munka riƙa ajiyewa cikin kula da ƙanƙara, da munka gwada su daga baya da samfurin da mun san yana da guba guda 2 cikin 5 sun ba da layi dishi-dishi wanda ba ya karantuwa, sai munka zubar da sauran gaba ɗaya. Wata biyu ba a auna komai ba. Lokacin ne na zauna na karanta ƙa'idojin ɗaukar samfur da ya kamata in karanta tun farko.

Oktoba zuwa Disamba 2023: sake gina hanyar daga ɗibar samfur

Ga lissafin da ya buɗe mani ido. Gubar ba ta bazu daidai cikin buhu kamar gishiri cikin miya ba, a cikin ƴan ƙwayoyi ƙalilan take taruwa. A ɗauka ƙwaya ɗaya mai nauyin giram 0.4 tana ɗauke da 100,000, kuma ana samun irin haka har fiye, to mikrogiram 40 ke nan a ƙwayar nan kaɗai. In ta faɗa cikin kilo 10 na gujiya mai tsabta ta kai shi 4. In ta faɗa cikin giram 50 da na auna zan ga 800, in kuma hannuna ya kauce mata zan ga sifiri in ce kaya lafiya. Ashe abin da ya faru Litinin da Alhamis ke nan, tsinken gaskiya yake faɗa kan abin da munka ba shi, abin da munka ba shin ne bai wakilci buhunan ba.

Ƙa'idar Turai ta ce kayan da ke tsakanin rabin tan da tan ɗaya a ɗeba wuri 30, giram 200 kowane, a haɗa kilo 6, a niƙe shi duka kafin a ɗebi na aunawa. Da na gaya wa matan kilo 6 sai ɗakin ya ɗau surutu, wata ta ce Malam tiya biyu da wani abu fa ke nan, kowane kaya ka ɗebe mana haka ina ribar. Ma'ajiyarsu ce ta kawo mafita, ta ce ai markaɗawa za ka yi mu ma markaɗawa za mu yi, ka ɗebi abin da kake so ka dawo mana da saura, in ya fito lafiya ya shiga tukunya. Haka anka yi. Da ƙarfen soke buhu irin na ƴan hatsi ake ɗiba, sama da tsakiya da gindin kowane buhu, har da na can ƙasa jikin bango da ba a son ɗagawa.

Niƙa kilo 6 a bilendarmu ba zai yiwu ba, gujiya na komawa ƙulli ta manne. Sai munka koma injin markaɗen da suke kai wa, a wanke shi tukuna, a fara zuba kamar kilo ɗaya daga kayan a ware shi, sannan a markaɗe samfurin sau biyu. Daga markaɗen a ɗebi kilo ɗaya daga wurare daban-daban, a dama shi da ruwa mai nauyin da anka auna har ya zama kamar kunu mai kauri, daga kunun ake ɗibar na gwaji, kuma ruwan da anka zuba sai an cire shi cikin lissafin metanol in ba haka ba ƙarfinsa ya sauka ƙasa da 70. Damawa da ruwan nan ita ta sa in ka ɗeba sau uku daga kwano ɗaya ka samu amsa ɗaya sau uku.

Maiƙo kuma munka yi maganinsa da gishirin girki giram 5 cikin abin kaɗawa, a kaɗa minti 3 cikakku da agogo, a bar shi ya kwanta minti 10 man ya taso, a ja ruwan tsakiya da sirinji, a tace sau biyu. Ƙuli mai yaji munka daina aunawa kwata-kwata, ana auna tunkuzar kafin a sa mata komai.

Saura a san ko hanyar na ciro gubar da gaske. Wani abokin aiki a wani labo a Yamai ya aiko mana da ruwan aflatoksin mai sanannen ƙarfi, munka ɗiga shi cikin tunkuzar da an tabbatar tsabtatacciya ce a matakin 5 da 10 da 15 da 20. Da tsohuwar hanya tsinken bai juya ba sai a 20, wato kusan rabin gubar na maƙalewa cikin maiƙo ba ta fitowa. Da sabuwar hanya 5 ya ba da layi biyu, 15 da 20 layi ɗaya kowane karo, 10 kuma wani lokaci haka wani lokaci haka, wanda dama a bakin iyaka haka ake tsammani. Duk kwalbar da ta taɓa ruwan nan sai ta kwana cikin ruwan jabel kafin a wanke, da safar hannu ake komai.

Wata dabara kuma, in samfur ya wuce 10 sai a sirka ruwan da anka tace ninki biyu, ninki huɗu, a sake tsomawa, da haka ba tare da na'ura ba za ka iya cewa yana tsakanin 20 da 40 ko ya wuce 40.

Janairu zuwa Maris 2024: bin sawu

Yanzu da awon ya tsaya sai munka bi kayan mataki-mataki. Abu na farko, akwai tsabar da ta ci gwajin 10 amma tunkuzarta ta faɗi. Dalili a fili yake in ka auna, kilo 10 na tsaba in an fidda mai tunkuza kamar kilo 6 da rabi ke ragewa, gubar kuma yawancinta tunkuza take bi, kaɗan ke tafiya cikin man. Tsaba mai 8 sai ta ba da tunkuza mai kusan 12. Don haka munka sauya, tsaba da tsinke mai iyaka 4 ake auna ta, tunkuza da mai iyaka 10.

Na biyu, dillalai uku ke kawo musu kaya. Munka ce kada a ƙara gauraya buhunan, kowane a rubuta masa alama. Cikin wata uku kaya 9 sunka shigo, uku daga kowane. Na dillali na farko duka uku ƙasa da 4. Na biyu ɗaya ya wuce 4 amma bai kai 10 ba. Na uku duka uku sun wuce 20, ɗaya ma ya wuce 40, kuma da munka ari na'urar auna laima tsabarsa na nuna 11 zuwa 12 cikin ɗari alhali abin da ake so 7 ne zuwa 8.

Hajiya da kanta ta tafi ƙauyen ranar kasuwa ta ga abin da ke faruwa. Gujiyar ta bushe ƙarau tun kaka, in an zuba ta injin ɓarewa haka tana farfashewa, sai masu ɓarewar su yayyafa wa kwanson ruwa da dare su rufe da tamfol, da safe a ɓare a ɗure a buhun leda a ɗinke nan take. Tsabar na fitowa ɗai-ɗai gwanin kyau, ta fi ta kowa kyan gani ma shi ya sa matan ke son ta, amma da laimarta take shiga buhu ta yi mako biyu uku cikin zafi kafin a soya. Mutumin bai san yana yin wani laifi ba, haka ya taras ana yi.

Na uku, shagon ajiyarsu buhuna a ƙasa suke kan siminti jingine da bango.

Afrilu zuwa Disamba 2024: abin da anka canza da sakamakon

Dillali na uku anka ce ya kawo da kwanso su ɓare da kansu, ko in ya ɓare ya shanya yini biyu kafin ɗuri, ya zaɓi na farko. Anka sa katako ƙarƙashin buhuna anka janye su daga bango. Kafin suya ana baza tsaba a tabarma a tsince motsattsu da fasassu da masu huji da waɗanda launinsu ya sauya, bayan suya in an murje jan ɓawon a sake tsince masu baƙin ciki, wannan tsinta ta biyun ta fi kama su don a lokacin ake ganin cikin ƙwayar. Kayan dillali na biyu da ya wuce 4, bayan tsinta biyu ya sauko ƙasa da 4, abin da anka ware kamar kilo 3 ne cikin kowane 100.

A watan Yuni munka raba samfuri 12 gida biyu, rabi mu rabi labo ɗin Yamai mai ELISA, gwajin da ke ba da lambar yawan gubar, ba tare da sun san amsarmu ba. 11 sun yi daidai. Ɗayan mu mun ce ya wuce 10 su sun samu 9.

A Yuli sunka sake aika kilo 300, kamfanin ya auna ya samu 3 ya karɓa. Damina ta 2024 ta zo da ruwa da ambaliya sosai a jihar Maraɗi, sabuwar gujiya ta shigo Oktoba da laima, kaya 2 cikin 5 sun faɗi gwajin 4 anka ƙi sayensu tun kafin a biya kuɗi. Aika ta uku a Disamba kilo 500, an samu 5, an karɓa.

Hukunci

A ganina wata 8 na farko mu a labo munka ɓata su, don mun sa ido kan abin aunawa mun manta da hannun da ke ɗibar gujiyar. Da tun Mayu 2023 na ɗebi kilo 6 daga wuri 30 da tsinken nan dai ya ba mu amsa. Gwajin ɗiga guba sananniya kuma bai kamata a fara ba kowa sakamako kafin a yi shi ba, tsohuwar hanyarmu tana iya cewa tunkuza mai 18 lafiya take, kuma yara ne za su sha ta a kunu. Abin da ya fi yi wa ƙungiyar amfani shi ne mayar da gwajin bakin saye, lokacin da kuɗi bai fita ba kuma ana iya cewa a'a, gwajin da ake yi bayan an soya an matse an daka asara kawai yake sanar da kai.

Tsinken yana da iyakarsa, ba ya rarrabe B1 da sauran, kusa da iyaka yana rawa, kuma ba zai maye gurbin HPLC, babbar na'urar da ke auna kowane iri daban, ba ga mai son fidda kaya waje, don haka duk abin da ya faɗo kusa da 10 har yanzu Yamai muke aikawa.

Abin da ya rage ban samu natsuwa a kansa ba shi ne tsintacciyar da ake warewa da kayan da ake ƙi. Kilo 600 na farko ban iya hana a sayar da wani ɓangare ga masu kiwo ba, kuma saniya ko akuya in ta ci B1 tana fidda wani nau'in gubar mai suna M1 cikin nono. Kaya 2 da anka ƙi a Oktoba dillalin da ya kawo su ya juya da su kasuwa ya sayar wa wasu matan da ba su da mai auna musu. Kilo 3 cikin 100 da ake tsincewa mun yi magana da Hajiya za a riƙa binnewa, ta amince, amma ranar da na leƙa a watan Nuwamba na taras da kwano guda an ajiye shi gefe, wata tsohuwa mai taya su tsinta ta ce na jikokinta ne za ta soya musu. Na biya ta kuɗin kwanon na tafi da shi labo, da na auna ya wuce 40 a sirki ninki huɗu.